Fitilar Sayyida Zainab da Idon Ofishin Jakadanci

Shekara 63 ke tsakanin littattafan nan biyu, kuma dukansu labarin 'yan Masar ne da suka tafi ƙasar Turawa karatun likita. Abin da ke hana ɗaliban barci ne ya bambanta.

A Ƙindilu Ummi Hashim, wanda Yahya Haƙƙi ya fitar a 1944, Isma'il ɗan unguwar Sayyida Zainab ta Alƙahira ya yi shekara bakwai a Ingila yana koyon aikin ido.  Babbar rigimarsa tana gida tana jiransa. Da ya dawo sai ya tarar da mahaifiyarsa tana ɗiga wa Fatima, 'yar uwarsa da aka yi masa baiko da ita, man fitilar masallaci a idonta mai ciwo. Ya fusata, ya je ya fasa fitilar, jama'a suka yi masa dukan kawo wuƙa. Maganin nasa ma bai yi aiki ba, Fatima ta makance. Sai a daren Lailatul Ƙadari ya sauko, ya haɗa iliminsa da imanin mutanensa, idon ya buɗe. Duk wanda ya taɓa ganin likita yana jayayya da tsohuwarsa a kan rubutun sha ya san wannan faɗan.

Shikago na Ala'u Al-Aswani, na 2007, ya juya lissafin. Marubucin likitan haƙori ne da ya yi karatu a Jami'ar Ilinoi, nan kuma ya ajiye mutanensa, bayan harin 11 ga Satumba. Akwai Shaima daga Tanta da hijabinta da kaɗaicinta, akwai Naji mai waƙa da tsaurin ra'ayi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ahmad Danana, shugaban ƙungiyar ɗalibai, mai yawan ambaton Allah, wanda ke kai rahoton 'yan uwansa ga Safwat Shakir, jami'in tsaro na ofishin jakadanci. Ɗalibi ya haye teku, gwamnatin da ke biyan kuɗin karatunsa ta riga shi sauka.

Ta fuskar gwaninta, Haƙƙi nake ba wa tuta. Littafinsa ɗan ƙarami ne, ba kitse. Aswani ya cika tukunya da mutane, Amurkawansa kuwa kamar a fim ya san su. Sai dai sulhun Haƙƙi ya zo da sauƙi ƙwarai, ga Fatima da ta biya da idonta ba a tambaye ta komai ba.

Aswani ya hana kowa wannan sauƙin. Da shugaban ƙasar Masar ya ziyarci Shikago, Dakta Salah, wanda ya bar Masar shekaru da yawa yana jin kunyar gudunsa, ya yarda zai karanta takardar koke a gabansa. Ya miƙe, sai bakinsa ya kama yabo. Ya koma gida ya kashe kansa.