Yadda Hunturu Ya Tsara Girkin Jamusawa

Girkin gargajiya na Jamus sanyi ne ya tsara shi. Daga Nuwamba har wajen Maris gona ba ta ba da abin kirki, don haka kafin zuwan firji, gidan da bai yi tanadi da kaka ba sai ya sha wuya. Manomin Damari ko Sabuwa da ya cika rumbu da masara da dawa, uwargida kuma ta shanya kuɓewa da tumatir saboda rani, ya san wannan lissafi sarai. Sai dai a ƙasar Hausa rana ce ke busar da cimaka, a can kuwa ranar ba ta da ƙarfi, shi ya sa suka dogara da gishiri da hayaƙi da tsami.

Burodi shi ne tuwonsu. An yi rajistar nau'insa fiye da 3,000, kuma a 2014 aka sa al'adar yinsa cikin jerin kayan gadon ƙasar. A da alkama ba ta cika yin kyau a arewacin Jamus ba, sai wani ɗan'uwanta mai jure sanyi da suke kira Roggen. Garinsa ba ya tashi sosai sai an haɗa shi da tsohon ƙullu mai tsami, kamar yadda mai waina ke barin ƙullunta ya kwana. Burodin kan fito baƙi-baƙi, da nauyi a hannu, yana kwanaki bai lalace ba. Wanda ya saba da farin burodi mai laushi da zaƙi na teburin mai shayi zai ji shi wani iri a karon farko, amma ya fi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Abincin darensu ma sunansa Abendbrot, wato burodin yamma: yankan burodi, man shanu, cuku da nama mai sanyi. Abinci mai zafi da rana ake cinsa, saɓanin gidan Bahaushe inda tuwon dare ne babban girki.

Dankalin turawa baƙo ne a can, daga Kudancin Amurka ya zo. Manoma sun daɗe suna ƙyamarsa, har Sarkin Prusiya, Friedrich na Biyu, ya ba da umarnin shuka shi a 1756 don maganin yunwa. Har yau masu ziyarar kabarinsa a Potsdam sukan ajiye dankali a kai. Kabeji kuwa yankawa ake yi siriri, a zuba gishiri, a danne cikin randa na makonni har ya yi tsami. Wannan shi ne Sauerkraut, ganyen da ke kai su ƙarshen hunturu.

Kowane yanki da nasa. Mutanen Hamburg da bakin teku kifi suka fi ci. A Swabia, kudu maso yamma, akwai Spätzle: a kwaɓa fulawa da ƙwai, a riƙa jefa ƙullun cikin tafasasshen ruwa, da ya taso sama a tsame. Duk wadda ta taɓa yin ɗanwake ta iya rabin aikin.

Nama ne inda Musulmi zai yi hattara. Wurst, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa cikin hanji a dafa ko a yi bandarsa, yawancinsa na alade ne, kuma kitsen alade kan shiga miya da dankali ba tare da ido ya gani ba. Tambaya kafin a ci ba abin kunya ba ce. Abin ya yi sauƙi tun bayan yarjejeniyar 1961 da ta kawo ma'aikata daga Turkiyya. Su suka buɗe mahauta na halal, kuma a farkon shekarun 1970 suka fara sayar da Döner a Berlin, gasasshen naman sa ko kaza da ake yankawa cikin burodi da ganye. Yau da wuya a sami garin Jamus da ba a sayar da shi.