CARL PERKINS: ƊAN MANOMIN AUDUGA DA YA ZAMA MAWAƘI

An haifi Carl Perkins a shekarar 1932, kusa da garin Tiptonville, cikin jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Ubansa manomi ne, amma ba shi da gonar kansa. Gonar wani yake nomawa, in kaka ta yi su raba amfani da mai gona. Tun Carl yana ɗan shekara 6 ya fara tsinkar auduga.

A cikin gonakin nan farare da baƙaƙe suke aiki tare. Yaron yana jin waƙoƙin da baƙaƙen fata suke yi lokacin aiki. Da dare kuma yana sauraren kiɗan fararen ƙauye a radiyo. Ya roƙi ubansa ya sayo masa gita. Babu kuɗi. Sai uban ya ɗauko akwatin taba da sandar tsintsiya ya ƙera masa. Wani dattijo baƙar fata, John Westbrook, abokin aikinsu a gona, shi ya koya masa kiɗa.

Da ya girma, Carl ya haɗa kiɗan nan biyu wuri ɗaya. Irin wannan kiɗa mai zafi shi ake kira rokabili. Ya kafa ƙungiya da ƴan uwansa biyu, Jay da Clayton.

Wata rana wajen rawa, ya ga wani saurayi yana yi wa budurwarsa faɗa don ta taka masa takalmi. Abin ya tsaya masa a rai. Cikin dare ya tashi, ya rubuta waƙa a kan jakar takarda ta dankali. Ko sunan fatar takalmin bai rubuta daidai ba, amma waƙa ta zauna. Sunanta "Blue Suede Shoes". Kamfanin Sun na birnin Memphis ya fid da faifan a farkon 1956. An sayar da fiye da miliyon 1.

Cikin watan Maris na 1956, suna kan hanyar New York don su fito a talabijin, sai direbansu ya yi gyangyaɗi. Motar ta afka wa wata motar kaya. Mai motar kayan ya mutu. Carl ya karye, wansa Jay ya karye a wuya. Carl yana kwance, Elvis Presley yana rera waƙar a talabijin. Jay ya rasu a 1958.

Baƙin ciki ya tura Carl ga giya. Sunansa ya dushe. A 1964 ya je Ingila, ya tarar samarin ƙungiyar Beatles sun haddace waƙoƙinsa, har suka saka 3 cikin faifansu. Daga baya ya bi abokinsa Johnny Cash yawon waƙa wajen shekara 10. A nan ne ya bar giya, ya koma cikin hankalinsa.

A 1981 ya taimaka aka buɗe wani gida a garin Jackson don kare yaran da ake cuta. A garin nan ya rasu cikin watan Janairu na 1998, yana da shekara 65.

Hatsarin mota ya raba shi da sa'arsa, giya ta so ta ƙarasa shi. Amma ɗan manomin ya miƙe, kuma har yau ana rera waƙar da ya rubuta a kan jakar dankali.