Tsoho da Matakala: Daga Kujerar Hawa Bene Zuwa Dokin Ƙofar Ɗakin Iya

 Hirar tamu ta yau ta shafi iyayenmu da kakanninmu da muke ɗawainiya da su a gida, musamman ke uwargida da ke zaune da uwar miji ko mahaifiya wadda ƙafa ta fara gaza mata, ko wadda hawan jini ya buge har ɓarin jikinta ya shanye. Mun sani sarai, a ƙasar Zuru kamar ko'ina, jinya a hannun mace take. Maigida zai sayo magani, zai biya kuɗin asibiti, Allah ya saka masa. Amma fito da Iya tsakar gida ta sha hantsi, kai ta makewayi da dawo da ita, wannan naki ne, safe da yamma.

To, a wannan kai da komowar ne ake samun faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a shekarar 2021, ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke rasa ransu duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi kashewa. Mu mata kuwa sai mun ƙara kula, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yakan yi ta raguwa a hankali ba tare da ta ji ciwo ba. Faɗuwar da yarinya za ta yi ta tashi ta kakkaɓe zane, ita ce za ta karya wa tsohuwa ƙashin ƙugu ta kwantar da ita wata da watanni.

Ga kuma halin da yankinmu ya shiga. Tun wajen shekarar 2021 matsalar 'yan bindiga ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu a ƙananan hukumomin Sakaba da Danko/Wasagu, wasu suka koma Dirin Daji, wasu Zuru, wasu gun 'ya'yansu a birane. Tsohuwar da ta shekara arba'in a ɗakinta, ƙafarta ta haddace kowane tudu da kwari ko a cikin duhu, sai ga ta a gidan siminti mai matakala uku a ƙofar falo, ko gidan ɗanta mai bene da tayil mai santsi a Birnin Kebbi ko Kaduna. Ƙafar ba ta san gidan ba, idon kuma ya yi yana.

Saboda masu iyaye a irin waɗannan gidaje na bene, bari mu fara da wata na'ura da ake kira kujerar hawa bene. Kujera ce mai inji, tana tafiya a kan wani dogon ƙarfe da aka ɗaure a jikin matakala tun daga ƙasa har sama, kamar yadda jirgin ƙasa ke bin dogo. Mutum ya zauna, ya danna maɓalli a hannun kujerar, ta hau da shi sannu a hankali. Saurinta bai wuce santimita 15 a daƙiƙa ba, ko ɗan tatata zai riga ta. Wani Ba'amurke mai suna Crispen ne ya ƙera irinta a jihar Pensilbaniya cikin shekarun 1920, saboda wani abokinsa da rashin lafiya ta hana shi hawa benensa. A Ingila kamfanin Stannah ya fara yin tasa a 1975, kuma a can ta zama ruwan dare a gidajen tsofaffi, domin ɗakunan kwanansu galibi a sama suke.

In Allah ya hore wa gidanku an kafa ta, ga abin da za ki riƙe. Kada kujerar ta motsa sai Iya ta zauna daram, bayanta ya jingina, an ɗaura mata bel ɗin da ke jiki, ƙafafunta biyu suna kan matakin ajiye ƙafa. Sannan ki dubi kayan jikinta. Turawan da suka ƙera ta wando suke sawa. Mu kuwa ga zane, ga hijabi har ƙasa, ga gyale yana ja. Ki tattare mata su a kan cinya, don in bakin zane ya shiga haƙoran dogon nan, zai iya fizgo ta. Idan an isa sama, kujerar tana da hannun juyawa: a juya ta ta fuskanci daɓen sama, a ji ta kulle, kana Iya ta miƙe. Miƙewa tana fuskantar ramin matakala shi ne babban haɗarin na'urar baki ɗaya. Mutum ɗaya take ɗauka, nauyin da aka ƙayyade mata kuma yawanci tsakanin kilo 120 ne zuwa 140, yana rubuce a takardarta. Ba a ɗora wa kaka jika a cinya, ba a kuma aiken ta da buhun shinkafa. Yara kuwa lilo za su mayar da ita, shi ya sa take da makulli. Ki cire ki ɗaure a bakin zanenki. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ba a hawanta.

Kula da ita ba wuya, sai dai akwai inda ƙasarmu ke ba ta wahala. Da batir take aiki, batirin kuma yana caji ne idan an ajiye kujerar a ƙarshen dogon, sama ko ƙasa. In aka bar ta a tsakiya, ko aka kashe soket da dare don tsimin wuta, batirin zai tsiyaye ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Idan an ɗauke wuta za ta iya yin sawu da dama, amma gidan da nefa ke kwana uku ba ta leƙo ba, sai an haɗa da sola ko inbata. Ƙura ma abokiyar gabarta ce. Lokacin hunturu ki riƙa goge dogon da busasshen tsumma duk mako, ban da ruwa, ban da omo, ban da man gyaɗa ko baƙin mai da sunan a sa ta yi santsi. Aƙalla sau ɗaya a shekara ma'aikacin da ya san ta ya zo ya duba. In kin ji tana ƙara ko tana tsayawa a hanya, ki fara duba ko wani abu ya tare ta, takalmi ko abin wasan yara, domin an yi ta ne ta tsaya da kanta in ta taɓa wani abu. In ba haka ba ne, a kulle ta a kira masu ita. Kada a bai wa mai gyaran janareto ya gwada sa'arsa.

Ni dai a ganina, kafin a kashe maƙudan kuɗi a kan na'urar da kayan gyaranta sai an yi odarsu daga waje, a fara tambaya: me ya kai Iya sama? A share mata ɗaki a ƙasa kusa da ban ɗaki, magana ta ƙare. Girmamawa ba a sama take ba.

Yanzu mu dawo gida Sakaba, inda bene ba shi ne damuwarmu ba. Namu matakalar ita ce dokin ƙofa, wanda magina ke ɗagawa sosai don kada ruwan damina ya shiga ɗaki, da 'yar barandar da ke gaban ɗaki, da tudun bakin masai, da hanyar makewayi da ke yin gansakuka a watan Agusta. A nan babu inji, ke ce injin, bayanki kuma ba ya da kayan gyara a kasuwa. Mata nawa ne ciwon baya ya kama saboda ciccibar majinyaci?

Idan Iya tana iya takawa, dabarar ita ce: wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwon ta biyo, wajen sauka, sanda da ƙafa mai ciwo su fara sauka, mai lafiyar ta biyo. Sandar a riƙe ta a hannun ɓangaren da ke da lafiya, a sa mata roba a gindi don kada ta zame a kan siminti. Ke kuma ki tsaya ta ɓangaren da ya yi rauni, kullum ta ƙasa da ita: in za a hau kina bayanta, in za a sauka kina gabanta. Ki ɗaura mata gyale mai ƙarfi a ƙugu ki kama nan. Abin da nake roƙonku da shi, kada a ja mai shanyewar jiki ta hannun da ya shanye, kada kuma a cusa hannu a hammatarta a ɗaga. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya zai iya gocar da ita, ta koma fama da ciwon kafaɗa a kan na da. In dole sai kin ɗaga, ki matso jikinta, ki lanƙwasa gwiwa, ki miƙe da ƙarfin cinyoyinki, kada ki sunkuya. In kuwa Baba ne, ko mai jiki ce, a kira samarin gidan. Ba abin kunya ba ne ki ce ba za ki iya ke kaɗai ba. Kuma kada a tashe ta daga kwance a miƙe da ita nan take. Ta zauna a bakin gado na ɗan lokaci tukuna, domin maganin hawan jini kan kawo jiri a daidai lokacin miƙewa.

Mai keken guragu kuma, dokarsa kusan ɗaya ce da ta kujerar benen can: birki tukuna. Ba a zama, ba a tashi, sai an danne birkin tayoyin biyu an kuma naɗe matakan ƙafa. In ta taka matakin ta miƙe, keken zai kife da ita ta gaba. Wajen haye dokin ƙofa, ki taka ƙarfen da ke ƙasa ta baya, ƙananan tayoyin gaba su ɗaga, ki ɗora su, sannan ki tura manyan. Wajen sauka ki juya keken ki sauka da baya, ke ce a ƙasa. Matakala uku ko huɗu, aikin mutum biyu ne, kuma gangar jikin keken ake kamawa, ba abin ɗora hannu ko matakin ƙafa ba, don su ciruwa suke yi.

Abin da ya fi wannan duka sauƙi shi ne a kira birkila ya zuba gangara. Amma a gaya masa awo, don in an bar shi zai yi wadda ta dace da shigar da babur. Kowane inci 1 na tudu yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawo. Wato baranda mai tudun inci 6, gangararta ƙafa 6 ce. A bar fuskar simintin da kaushi, a ja mata tsintsiya tun tana ɗanya. Mai walda kuma ya kafa ƙarfen kamawa a bakin ƙofa da cikin makewayi. In babu hali, ko itace mai ƙwari aka kafa da kyau ya wadatar. Kafinta ya huda kujerar katako a tsakiya a ɗora a kan masai, Iya ta huta da tsuguno. A watan Janairun 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta bai wa gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su samar da irin wannan hanya. To dokar ba ta shigo tsakar gidanki ba, wannan sai ke da maigida.

Keken shi ma yana son kulawa. Taya in ta yi saƙwaf, birki ba ya kamawa, don haka a riƙa kai wa mai faci yana ƙara iska. Ƙananan tayoyin gaba suna naɗe gashi da zare da ledar da ke tsakar gida har su ƙage; ki sa tsinke ki cire, ki ɗiga ɗan man keken ɗinki. A ɗaure notin da ya kwance, kada a bar shi ruwa ya doke shi, kada kuma yara su mai da shi motar ɗibar ruwa. A sa mata matashi mai laushi, a riƙa gyara mata zama a kai a kai, saboda gyambon da dogon zama ke haifarwa a ɗuwawu yana da wuyar warkewa.

Da dare a bar tocila ko fitilar sola a inda hannunta zai kai, a ajiye mata fo a ɗaki, a ɗauke tabarma mai naɗaɗɗen baki da buta da turmi daga hanya. Silifa da ya suɗe, a jefar.

In kuma duk da haka ta faɗi, kada a yi caa a kanta a ciccibe ta. Ki durƙusa ki yi mata magana, ki tambayi inda ke ciwo. Idan kin ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafin ya juya waje, ta kasa ɗaga ta, to mai yiwuwa ƙugu ne ya karye. Maɗoranmu sun iya aikinsu a wasu karayun, ba mu raina musu ba, amma wannan ƙashin yana can ciki, kara da tsumma ba sa kai gare shi, kuma jan ƙafar ƙara ɓarna yake yi. A shimfiɗe ta a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi mota, ba babur ba, a nufi Babban Asibitin Zuru a ɗauki hoto. In aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, ko Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Haka nan idan kanta ya bugu, ko da babu jini a waje, ki sa mata ido kwana biyu zuwa uku. Amai, yawan barci, ruɗewa, ko magana ta sauya, duk alamu ne na a koma asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye a ga yadda za ta tashi.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, a gaishe mana da su Iya.