Gobarar Daji: Aikin Masu Nazarinta da Masu Kashe Ta

Duk shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya kunno kai, sai hayaƙi ya turnuƙe dazuzzukan Afirka ta Yamma. Matafiyin da ya ratsa dajin Falgore, a kudancin Jihar Kano, cikin watan Disamba ko Janairu, da wuya ya fita bai ga baƙar ƙasa da kututturan da wuta ta lasa ba. Amma in ya wuce birnin Kano ya yi arewa, ya bi ta Ungogo da Minjibir, ko ta Bichi da Ɗambatta, zai yi tafiya mai nisa bai ga wuta tana cin fili ba, alhali kuwa nan ɗin ya fi bushewa. Dalilin wannan bambanci shi ne tushen wani fanni na kimiyya da ba a cika jin labarinsa a makarantunmu ba, wato nazarin gobarar daji da dabarun shawo kanta.

Masana sun ce wuta tamkar tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku. Na farko shi ne abin da za ta ci, na biyu iskar oksijin, na uku kuma zafin da zai tayar da ita. In aka janye dutse ɗaya, tukunya ta kife. 'Yan kwana-kwana na birni da ruwa suke rage zafi. A daji kuwa ruwa ba ya kusa, iska kuma ba mai iya tsare ta, saboda haka dutsen da ya rage a hannun ɗan'adam shi ne abincin wutar.

Manoman arewacin Kano sun daɗe da janye wannan dutse, ko da yake ba don gudun gobara suka yi ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya wallafa bincike tare da abokin aikinsa a shekarar 1965 kan ƙasar da ke kewaye da birnin Kano. Ya tarar da cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar gonaki ne, ana noma su shekara da shekara ba hutu, ana raya su da taki. A irin wannan wuri babu abin da ake bari ya bushe a banza. Karan dawa da na gero ana tare su don danni da girki da abincin dabbobi. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce, ana ɗaure ta a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Ciyawar gefen gona ana yanke wa tumaki da awaki, abin da ya saura kuma shanun makiyaya su lashe. Kafin hunturu ya yi nisa gona ta zama rairayi tsirara, sai gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka tsaye ɗai-ɗai. Ko da manomi ya tara shara ya cinna mata wuta lokacin sharar gona, wutar ba ta da inda za ta taka ta wuce.

Abin da aka gani a Kano ya bayyana a duniya baki ɗaya. Tun da aka harba tauraron ɗan'adam mai suna Terra a shekarar 1999, masana suka samu damar ƙirga filayen da suka ƙone daga sama. Sun gano cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙasar da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka take. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna kuma cewa faɗin wannan ƙasa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, babban dalili kuwa shi ne gonaki da suke cinye dazuzzukan ciyawa.

Gwajin Olokemeji

Tambayar da ta fi damun malaman daji na farko ita ce: shin wuta ce ke hana daji yin duhu? Domin a amsa ta, a shekarar 1929 aka keɓe filaye uku a gandun dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta. Fili na farko ana ƙona shi a farkon rani, ciyawa na da sauran danshi. Na biyu sai a ƙarshen rani, bayan kome ya bushe ƙayau. Na uku kuwa aka hana wuta shiga cikinsa sam. Haka aka yi ta yi har shekara 28, sannan masana biyu, Charter da Keay, suka ƙirga bishiyoyin, suka wallafa sakamakon a 1960. Filin da aka kare ya koma kurmi. Wanda ake ƙonawa a makare ya zauna fagen ciyawa, sai 'yan bishiyoyi masu kaurin ɓawo. Wanda ake ƙonawa da wuri kuwa ya riƙe bishiyoyinsa, har ya ƙara. Wani masani Bafaranshe, Aubréville, ya kafa irin wannan gwaji a 1936 kusa da Buwake, a ƙasar Kwaddibuwa, sakamakonsa kuma ya zo daidai da na Nijeriya.

Daga nan aka samo dabarar ƙuna da wuri, wato a cinna wa daji wuta mai rauni da gangan, domin ta cinye abincin da babbar wuta za ta ci a Fabrairu ko Maris. Sai dai kuskure ne a ɗauki wannan dabara a kai ta ko'ina. Ciyawar kudu, irin su gamba da tofa, saiwarta na da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana tohowa bayan wuta. Ciyawar arewa kuwa, irin su kyasuwa da ƙarangiya, daga iri take fitowa kowace damina. In ta ƙone a Nuwamba, babu wata sai ruwa ya sauka, wato wata bakwai ke nan dabbobi na cikin yunwa. Shi ya sa a makiyayar arewacin Maraɗi, wajajen Dakoro da Barmo, ake share dogayen hanyoyin tare wuta da zarar damina ta ɗauke. A can, shekarar da aka fi samun ruwa ita ce aka fi fargabar gobara, don ita ce ciyawa ta fi yawa.

Ita ma ƙasa tana da asararta. Sinadarin naitirojin da ke cikin ciyawa hayaƙi yake bi ya tafi. Abin da ya rage a toka, kamar fotash, iskar hunturu kan kwashe shi kafin damina.

Yadda aikin yake

Mai nazarin gobara yakan fara ne da awo. Zai shata murabba'i mai faɗin mita ɗaya, ya yanke duk ciyawar da ke ciki, ya busar da ita, ya ɗora a ma'auni. In ya sami giram 200, to hekta guda tana ɗauke da tan biyu ke nan. Sai ya auna danshin ciyawar, da danshin iska, wanda a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da ranar hunturu, da ƙarfin iskar da inda ta dosa. Da waɗannan alƙaluma ake ƙiyasta gudun wuta da tsawon harshenta. Lissafin da aka fi dogara da shi wani injiniya ne, Richard Rothermel, ya fitar da shi a Amurka a 1972. Bayan haka sai a gwada ƙiyasin da hotunan tauraron ɗan'adam. Amma idon na'urar Terra ya raba ƙasa ne gida-gida, kowane gida mita 500, don haka ƙananan gobara da yawa sun ɓace masa. Dole ne wani ya taka da ƙafarsa, ya auna, ya kuma tambayi mai unguwa da makiyaya da mafarauta da masu cire zuma yadda wutar ta tashi.

Shi kuwa mai kashe wuta, yawancin aikinsa kafin ta tashi ne, wato share hanya da fartanya da manjagara kewaye da abin da ake son karewa. In ta tashi, ana bugun ta da ɗanyun rassa, a watsa mata ƙasa da shebur, a bi ta gefe daga ɓangaren da ya riga ya ƙone, ba a tarar gabanta. Wutar ciyawa da iska ke kora tana iya wuce kilomita 20 a awa, ga ta kuma da ƙara sauri in tana hawa tudu. A shekarar 1949, a kwazazzabon Mann Gulch na Jihar Montana a Amurka, mutum 13 suka hallaka suna gudun wuta a kan tudu. Shugabansu, Wagner Dodge, ya tsira ne saboda ya cinna wa ciyawar gabansa wuta, ya kwanta cikin tokar.

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne amfanin wannan ilmi a ƙasar da ba ta ƙonewa? Amsa ita ce abincin wutar bai ɓace ba, matsuguni ya sauya. Karan da aka kwashe daga gona yana jibge a bakin gari, kusa da rumbuna da ɗakunan jinka, tartsatsi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye abincin shekara na gidaje da dama. Sannan ga dashen itatuwa. Layukan bishiyar turare da aka dasa a Yambawa, kusa da Ɗambatta, don tare iska, ganyensu na da mai, kuma yana taruwa a gindi. Haka nan Kano na cikin jihohi 11 da aka fara shirin Babbar Koriyar Ganuwa da su, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Duk filin dashen da aka killace aka hana dabbobi shiga, ciyawa za ta cika shi, 'ya'yan itatuwan da ba su yi ɓawo ba kuwa ba sa jure wuta ko kaɗan.

Ɗalibin da ke sha'awar fannin sai ya riƙe lissafi da fiziks da kimistire da bayoloji da labarin ƙasa tun daga sakandare. Ƙofar shiga ita ce ilmin gandun daji ko na labarin ƙasa. Ana koyar da ilmin gandun daji a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, da kwalejojin tarayya na Jos da Afaka kusa da Kaduna, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ibadan wadda ta buɗe sashenta tun 1963. Wuraren aiki sun haɗa da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, mai hedkwata a Ibadan, da sassan gandun daji na jihohi, da hukumomin kashe gobara. Aiki ne na rana da ƙura, mafi yawansa daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da manomi ke hutawa, kuma kamar yadda gwajin Olokemeji ya nuna, wanda ya shata fili ba lalle ne shi zai ƙirga bishiyoyinsa ba.