Wasiƙar Da Ta San Sunanka

Yau zancenmu a kan wata irin wasiƙa ne wadda kusan kowa ya taɓa samu, ko ta gidan waya ko ta wayar hannu. Takan buɗe da sunanka sosai, ta ambaci garin da ka ke zaune, kana ta ce an ware maka wata haja da rangwame. In ka karanta sai ka zaci wani akawu ne ya zauna ya tuna da kai. Alhali kuwa dubban mutane sun sami irinta a ranar, ba abin da ya bambanta sai suna.

Dabarar ba ta da wuya. Akan rubuta wasiƙa guda tak, a bar gurabe a cikinta: gurbin suna, gurbin gari, gurbin wurin aiki. A gefe kuma ga jerin mutane, kowa da layinsa, kowane layi an raba shi gida-gida. Sai na'ura ta ɗauki layin farko, ta zuba abin da ke gidan suna a gurbin suna, na gari a gurbin gari, ta buga, ta wuce layi na biyu. Haka za ta yi ta yi har jerin ya ƙare.

Abin ya girmi kwamfuta. A shekarun 1930 akwai wani keken rubutu a Amurka mai suna Auto-typist, wanda iska ke sarrafa shi ta cikin hujojin wata naɗaɗɗiyar takarda. Yakan buga wasiƙa shi kaɗai, in ya iso gurbi ya tsaya cik, mai aiki ya sa suna da hannu, sa'an nan ya ci gaba. A 1964 kamfanin IBM ya fito da keken da ke ajiye rubutu a zaren maganaɗisu, har akwai mai zare biyu, ɗaya na wasiƙa ɗaya na sunaye. Daga nan hannun mutum ya fita.

To, me ya sa 'yan kasuwa su ke shan wannan wahala a kan kalma ɗaya? Amsar tana cikin kunnen ɗan Adam. A 1953 wani masani a Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane abin saurare, kunnen dama na jin wata magana, na hagu na jin wata dabam, ya ce su bi guda ɗaya suna maimaitawa. Da aka tambaye su abin da ya shiga ɗaya kunnen, kusan ba su riƙe kome ba. Ko da aka juya harshen daga Turanci zuwa Jamusanci, galibinsu ba su lura ba. A 1959 Neville Moray ya sake gwajin, amma ya saƙa sunan mai sauraro a cikin maganar da aka ce ya ƙyale. Wajen mutum ɗaya cikin uku ya ji sunansa. Watau ko hankali ya rufe ƙofa, akwai mai gadin da ke jiran wannan kalma. Duk wanda aka taɓa ambata a tsakiyar hayaniyar gidan biki ya waiwaya ya san haka.

An auna abin a kasuwa ma. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2018, an tarar sa sunan mutum a kan saƙon talla na imel ya ƙara yawan masu buɗe shi da wajen kashi 20 cikin 100. Ga shi kuwa sunan bai ƙara masa sanin kome game da hajar ba.

Amma fa na'urar ba ta karatu, zubawa kawai ta ke yi. Gidajen nan an yanka su ne a kan al'adar Turawa, sunan yanka da sunan dangi. Da Malam Aminu Kano zai shiga jerin, sai ta kira shi Mista Kano, kamar garin ne ubansa. Wani ta ɗauki Alhaji a matsayin sunansa na yanka, wannan kam ya yi sa'a. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma sau da yawa sukan fito alamar tambaya. Ban da wannan, a wurinmu kiran babba da sunansa gatsal ba girmamawa ba ne. Mutanen da uwa ke yi wa ɗan fari alkunya ba su ɗauki suna abin wasa ba. Abin da Ba'amurke ya ke ji sakin fuska ne, dattijo a zangon Kumasi yana iya jinsa tsaurin ido.

Wani kuskuren ya fi wannan ciwo. A watan Janairu na 2014 kamfanin OfficeMax ya aika wa wani mutum a jihar Ilinoyi takardar talla, a ƙarƙashin sunansa an buga cewa 'yarsa ta rasu a haɗarin mota. Gaskiya ne kuwa, ta rasu a shekarar da ta gabata. Kamfanin ya nemi gafara, ya ce jerin daga wani dillali ya karɓo shi haya. A ganina abin tsoron ba kuskuren na'urar ba ne. Abin tsoro shi ne a ce wani ya rubuta wannan rashi a layin mutumin, ana cinikinsa.

Masu sauraronmu na ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila su sani, tun watan Mayu na 2018 doka ta ba su ikon tambayar kowane kamfani abin da ya rubuta a kansu, kuma a bisa ƙa'ida sai ya amsa cikin wata guda. In kuwa mutum ya ce a daina aiko masa da talla, tilas a daina. Mu kwana nan.