Rumbun Ibohamane da Rumbun Kwamfuta: Fasahar da Ke Bayan Hasashen Damina

Da zarar watan Mayu ya kama, manomin Ibohamane, a gundumar Keita ta jihar Tawa, tambayarsa guda ce: yaushe ruwan shuka zai sauka? Kakanninsa iska da hadari suke karantawa. Shi kuwa ya sami ƙarin hasashen masana a rediyo. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 lokacin babban farin Sahel, tana tara masana kowace shekara su fitar da hasashen damina. Cikin lissafin da suke dubawa har da na cibiyar Turai ta ECMWF, wadda manyan kwamfutocinta ke Bologna a Italiya, ƙasar da ta tallafa wa aikin farfaɗo da ƙasar noma a Keita tun 1984.

Irin wannan lissafi ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Raba sararin samaniya ake yi kamar gonaki, dubban kwamfutoci kowace ta ɗauki rabonta. To amma iska ba ta san iyakar gona ba, tilas kowace ta riƙa gaya wa maƙwabciyarta abin da ke ratsowa. In saƙo ya makara, kowa ya tsaya. Fasahar RDMA ce ke hana wannan tsaiko.

A hanyar da aka saba, in saƙo ya iso sai an tayar da maigida, wato injin lissafin kwamfutar, ya bar aikinsa ya karɓa, ya juye daga wannan buhu zuwa wancan. A RDMA kuwa, maigida yakan ware rumbu guda cikin ma'ajiyarsa ya ba maƙwabci mabuɗi. Katin sadarwa shi ke zubawa, shi ke ɗiba, maigida na can kan aikinsa. Saƙo kan isa cikin kashi ɗaya ko biyu bisa miliyan na sakan. An fitar da ƙa'idar InfiniBand, hanyar sadarwa mai aiki da RDMA, a 2000, sannan RoCE ta zo a 2010 domin yin wannan aiki kan wayar Ethernet, aka sabunta ta a 2014. Kamfanin Nvidia ya sayi Mellanox, babban mai ƙera waɗannan katuna, a 2020 kan kusan dala biliyan 7. A kan Linux, kundin umarnin da manhajoji ke bi su yi magana da katin shi ne libibverbs, cikin rdma-core.

Saita tsarin RDMA ba ya son gaggawa, gyaransa kuma daga tushe ake farawa. Da farko a tambayi katin da ibv_devinfo: ƙofarsa a buɗe take? A InfiniBand, in ta maƙale a matakin farawa, galibi babu mai rabon adireshi ne, sai a tayar da opensm. Ƙauyen da ba mai gari, baƙo ba ya sanin gidan da zai sauka.

Na biyu, rumbu. Dole a kafe wurin da aka ware kada tsarin kwamfuta ya gusar da shi, alhali Linux na taƙaita yawan abin da mutum zai kafe. In rajistar ma'ajiya ta ƙi, a duba wannan iyaka da ulimit kafin a zargi kati.

Na uku, mudu. In wannan ɓangare na aika manyan ƙunshi, na'urar da ke tsakani kuma ƙanana take karɓa, gaisuwa za ta wuce, kaya su maƙale. Haka nan zaɓen lambar adireshin da ba ita ba a RoCE.

Na huɗu shi ya fi wuya, kuma masu noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Ibohamane za su fi kowa gane shi. RoCE ba ta jure zubewar saƙo, don haka in hanya ta cika sai a umarci na sama ya dakata. Idan ba a daidaita ba, wannan ya tsayar da wancan, wancan ya tsayar da na bayansa, har duk magudanan su ƙame. Magani shi ne a saita alamar cunkoso ta ECN, mai aikawa ya rage tun kafin a kai ga rufe ƙofa, sannan a auna gudu da ib_write_bw.

Mutanen Adar, yankin da Ibohamane take, sun san cewa gina madatsa bai kai kula da ita wuya ba; in ba mai yasa, yashi zai cinye ta. Ranar da ƙasashenmu za su girke nasu manyan kwamfutocin hasashe, wa zai riƙe su? Ba sai mun jira kati mai tsada ba. Tun 2016 Linux ke ɗauke da Soft-RoCE, mai kwaikwayon RDMA a kan katin Ethernet na yau da kullum. Ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da tsofaffin kwamfutoci biyu da waya ɗaya, zai iya ware rumbu, ya miƙa mabuɗi, ya ɓata, ya gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗan manomin da ya san zafin shukar da ta ƙone shi ya fi cancanta ya riƙe wannan mabuɗi.