Motsa jijiya da lantarki a cutar jijiyoyin motsi

Motsa jijiya da lantarki hanya ce ta jinya da ake tura ƙaramin ƙarfin lantarki ta cikin fata zuwa jijiya, domin tsokar da take sarrafawa ta motsa. Ana gwada ta a kan raunin hannu da cutar jijiyoyin motsi ke haifarwa. Nau'in cutar da ya fi yawa shi ne ALS, wanda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1869.

Raunin hannu

Cutar tana kashe ƙwayoyin jijiya da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Sau da yawa a hannu take farawa. Tsokar gindin babban yatsa da wadda ke tsakaninsa da manuniya kan riga ta gefen ƙaramin yatsa ramewa, har mutum ya kasa saka maɓalli, riƙe biro ko murɗa makulli.

Yadda take aiki

Ana manna 'yan faifai masu waya a kan fata, na'ura ta riƙa sakin lantarki daki-daki. Hanyar ta daɗe a jinyar shanyewar ɓarin jiki, inda jijiyar da ta taso daga laka zuwa tsoka take raye. A ALS kuwa ita wannan jijiyar ce ke mutuwa. Tsokar da ta rabu da jijiyarta ba ta amsa lantarkin na'urorin da aka saba, don haka sai ragowar jijiyoyi masu rai kaɗai ake iya motsawa, su kuma raguwa suke yi.

Matsayin bincike

Gwaje-gwajen da aka yi a kan hannu ƙanana ne, kuma ba su nuna cewa hanyar tana tsayar da cutar ba. Akwai ma dalilin yin taka-tsantsan. A 2011 Amurka ta amince da wata na'ura mai motsa tsokar numfashi ga masu ALS, amma gwajin DiPALS na Birtaniya (2015) da RespiStimALS na Faransa (2016) sun gano cewa waɗanda aka motsa musu tsokar sun fi saurin mutuwa, aka dakatar da gwajin duka biyu.

Jinyar da aka dogara da ita har yanzu ita ce maganin riluzole, da motsa gaɓoɓi a hankali ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, da takalmin hannu mai tallafa babban yatsa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya gwada lantarkin sai da izinin likita.